Jinyar Manta-Uwa

Surukata tana da wata shuka da take ji da ita fiye da yadda take ji da mutane da yawa, ciki har da ni. Manta-uwa ake ce mata, wasu kuma su ce murucin bisa. Ba a ƙasa take tsirowa ba. A wuyan giginya take maƙalewa, can sama, ta fito da karare masu kauri da dogayen ganyaye masu tauri, fararen saiwoyinta a tsaitsaye kamar tsinken tsintsiya. Inna, haka muke kiran surukar tawa, gadonta ta yi wajen tata surukar. Tana manne da wani guntun kututture, an rataye ta a ragaya a ɗakin Inna na Kurfi, daf da ƙofa inda haske ke shigowa. A nan ta yi shekara da shekaru ba ta roƙi kowa komai ba.

Amfaninta guda ne. In za a yaye yaro, sai a tsinko ganyen a jiƙa a ba shi ya sha, wai ya manta da uwarsa ya daina kuka. Babu yaron da aka yaye a dangin nan bai sha ba. Maigidana ma ya sha, ran da aka ɗauke shi aka kai shi Wurma wajen kakarsa, inda ya girma.

Lokacin da nake ba da labari ana ta maganar Turawa sun kusa tafiya. Muna zaune a Dutsin-Ma, maigidan yana aikin malamin gona, kullum yana kan keke tsakanin ƙauyuka yana koya wa manoma abin da suka riga shi sani game da gyaɗa. Ina da yarinya guda, ta fari, ta fara gudu tana ɓarar da duk abin da hannunta ya kai. Tun ranar suna Inna ta riga ta faɗa a gaban mata cewa wannan tata ce: ana yaye ta, za ta tafi Kurfi, a can za ta zauna har aure. Ba wanda ya tambaye ni. Da an tambaye ni ma kai zan sunkuyar, don a wajenmu uwa ba ta da baki a kan ɗan fari. Ba ki faɗin sunansa, ba ki yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi a tsakar gida sai ki duba wani wajen ki bar maƙwabciya ta ɗaga shi. Har yau da furfura ta cika mini kai, bakina bai saba da sunan yarinyar nan ba.

Amma ina son ta, so irin wanda ke hana mutum cin tuwo. Kullum ina lissafin yadda yayenta ke ƙaratowa.

Sai Allah ya kawo mini agaji ta hannun surukina. A daminar shekarar, rufin ɗakin Inna ya fara yoyo, aka fitar da kayanta don a yi yaɓe. Baba, mijin Inna, manomin gero ne tun yana yaro, ya ga shukar a ƙasa manne da busasshen itace, tausayi ya kama shi. Ya ce wane irin zalunci ne wannan, a bar abu mai rai shekaru ba ƙasa ba taki. Ya ɓamɓare ta daga kututturen, ya samo tukunya sabuwa wadda ko huda ba ta da ita, ya cika ta da baƙar ƙasa da kashin tumaki, ya dasa ta, ya danne da ƙafa, ya kwarara ruwa. Ya koma gefe yana jiran godiya. Ba a jima ba ganyen ƙasa suka fara yin rawaya.

Ranar kasuwar Dutsin-Ma sai ga Inna ta sauko daga bayan lori da tukunya a rungume, ta hana yaran mota su taɓa. Ta shigo, aka shimfiɗa mata tabarma, maigidan ya zo ya durƙusa yana gaishe ta. Ita kuwa bango take kallo, don shi ma ɗan fari ne.

"A gaya ma wancan," in ji ta, alhali ga shi a gabanta, "tun da gwamnati na biyan shi don ya san ciwon shuka, ga ciwo na kawo mashi har gida. Kuma ba ni yaye ɗiyar nan sai ta warke. Ganye marar lahiya ba shi magani, ni kuwa ba ni ɗaukar ɗiya ta hana ni barci da kuka."

Ina bayan asabari ina jin su. Na toshe bakina da gefen zane don kada dariyar farin ciki ta kuɓuce mini. Ashe zaman yarinyata a hannuna ya rataya ne a wuyan waɗannan ganyaye masu rawaya. Tun daga wannan rana na zama mai yi wa shukar nan addu'a, amma ba irin addu'ar da Inna take zato ba.

A ɗakina aka ajiye ta, a tsakiyar jeren kwanukana, inda ko yarinyar ba a bari ta je. Ni aka naɗa mai jinya. Umurnin Inna kafin ta koma shi ne ruwa safe da yamma, kada a kuskura ta ji ƙishi. Ban taɓa bin umurnin surukata da zuciya ɗaya kamar wannan ba. Duk macen da ta taɓa mantawa da wake a ruwa ta san warin da ya fara tashi daga tukunyar nan, amma ni ba malamar gona ba ce, kuma ba a tambaye ni ba. Aikina zuba ruwa, ina kuwa zubawa har ya kwanta a sama.

Maigidan ya fara nasa binciken. Ya tsuguna, ya juya ganye, ya shinshina, ya yi gyaran murya. Gaskiyar magana bai taɓa karanta komai a kanta ba, amma mutum ba ya aika wa uwarsa cewa bai sani ba. Ya ce rawayar ganye yunwa ce, haka gyaɗa take yi. Washegari ya zo da takin zamani a ƙunshe, irin farin nan da ake raba wa manoma, ya barbaɗa mata cikin tafin hannu guda, abin da zai ishi kunyar gona sukutum. Kafin mako ya zagayo bakin kowane ganye ya ƙone ya yi baƙi, kamar an gifta shi a kan wuta.

"Alamar taki ya fara aiki ke nan," in ji shi.

"Haka ne, Malam," na ce, na ƙara ruwa.

Daga nan maƙwabciyarmu ta shigo cikin maganar. Tsohuwa ce ungozoma, ita ta yanke wa yarinyata cibi, kuma a ganinta duk abin da ke numfashi a unguwar nan, ita ke da alhakinsa. Ta leƙa tukunya, ta kama haɓa.

"Mi kuke jira? Shawara ce ta kama ta, ba ku ga ta yi ɗorawa ba? Jinjiri in ya yi haka rana muke nuna mashi. Hitar da ita ta sha hantsi."

Na fitar. Ba ta faɗi lokacin da za a mayar da ita ba, ni kuma ban tambaya ba, sai ta wuni a tsakar gida, abar da ta yi rayuwarta duka a inuwa. Da yamma ganyen da ke fuskantar sama duk sun yi fararen tabo. Bayan kwana biyu tabon ya koma baƙi ya lotsa, kamar inda dutsen guga ya daɗe a kan riga. Tsohuwar ta dawo ta duba, ta ce madalla, ciwon ne yake fitowa waje.

Sau ɗaya ne hankalina ya tashi. Wata safiya na ga wani farin abu kamar auduga ya taru a hammatar ganyen, wurin yana danƙo, tururuwa na hawa da sauka. Da maigidan ya gani, sai fuskarsa ta washe, don a ƙarshe an zo inda ya sani. Ya ce ƙwari ne masu tsotson ruwan ganye. Ya sa na kaɗa sabulun salo a ruwa, ya ba ni gashin kaza, ya ce in bi kowane lungu in goge, in maimaita bayan 'yan kwanaki. Yana tsaye a kaina, ba halin ha'inci. Ƙwarin kuwa suka mutu sarai. Ranar na yi tuwo ba gishiri a miya saboda fargaba, ina ganin mutumin nan zai warkar da ita da gaske.

Ban san tukunyar tana yi mini aiki daga ƙasa ba. Ganyen da suka rage suka fara yanƙwanewa, suka yi laushi kamar fatar hannun tsohuwa. A kan wannan kowa ya yarda da kowa: ƙishi ne. Shuka tana zaune a cikin taɓo har wuya, manya uku masu hankali suka haɗu a kan ƙishi take ji. Aka ce in ƙara da na azahar.

Ita kuma Inna ba ta bar mu mun huta ba. Duk ranar kasuwa sai wani ya yi sallama daga Kurfi da saƙo: yaya ganyen, kuma yaya mutanen gidan. Wata rana ta aiko da rubutu a kwalba a zuba mata. Wata rana ta aiko a lulluɓe ta da zane, don bakin mutane ne ya kama ta. Sau da yawa ma da kanta take zuwa, ta sha wahalar lori, ta zauna gaban tukunya tana jimami, maigidan na durƙushe a gefe yana yi wa bango bayani. Takan daɗe a zaune. Lokacin na ɗauka duk son shukar ne.

A cikin wannan jinya yarinyata ta wuce lokacin yaye ta yi nisa. Haƙora sun cika mata baki, tana cin tuwo da hannunta, ta gama ta zo ta ɗaga mini riga. Matan unguwa suka sa ni gaba da tsiya, wai sai dai a kai ta ɗakin miji da nono a baki. Nakan sunkuyar da kai in ce ai laifin shuka ne. Amma da maigidan ya hau kekensa, sai in saki asabari, in ɗora ta a ƙafafuna ina yi mata lilo, in kira sunanta a hankali yadda ko kaza ba za ta ji ba. Takan kama kunnuwana biyu ta ja fuskata zuwa tata. Ban taɓa jin daɗin duniya kamar a watannin nan ba, da shukar Inna tana ruɓewa a gefenmu.

Akuya ce ta ɓata mini shiri. Warin ya kai inda maigidan da kansa ya ce a riƙa fitar da tukunyar tana shan iska. Na ɗora ta a kan turmi na shiga wanke-wanke. Sai na ji tim. Kafin in fito, akuyarmu da ɗanta sun ture ta, tukunya ta tarwatse, sun cinye duk ganyen da ya yi rawaya da mai tabo, sun bar karare tsirara. Na daɗe ina lura da ɗan akuyan nan bayan haka. Ya ci manta-uwa ya ƙoshi, amma ko la'asar ba a yi ba na gan shi a gindin uwarsa yana tunkuɗar hantsa.

Da ƙasar ta zube ne muka ga abin da ke ciki. Saiwoyin nan farare duk sun zama baƙi, in ka matsa sai su fashe da ruwa mai ɗoyi. Maigidan ya dawo ya tsaya a kansu, ya cire hula ya sosa kai.

"Ta mutu," in ji shi. "Wa zai faɗa ma Inna?"

Ba wanda zai faɗa. Ba kuma wanda ya isa ya jefa kayan Inna a juji. Sai na kakkaɓe taɓon, ruɓaɓɓun saiwoyin suka zube da kansu, na taka turmi na cusa abin da ya saura a tsakanin rassan ceɗiyar da ke tsakar gidanmu, inda akuya ba ta kaiwa. Na ɗaure da igiyar kaba, don in Inna ta zo ta ga gawar da idonta. Aka yi sa'a kaka ta kama, aikin gero ya riƙe ta a Kurfi. 'Yan saƙo kuwa maigidan ya riƙa ce musu ana samun sauƙi. Ni dai na san abin da na sani: babu shuka, babu yaye, sai an sami wani mai ƙarfin hali ya hau giginya ya samo wata. Na daina ko ɗaga kai in dube ta. Ba ruwa, ba taki, ba rubutu, sai raɓa da inuwa.

Yarinyar ce da kanta ta tona. Wata safiya ina shara, ta tsaya a gindin ceɗiya tana nuna sama da yatsa tana gwalantu. Na ɗaga kai. Sababbin saiwoyi farare masu koren baki sun fito sun kama ɓawon itacen ƙam. Daga gindin tsofaffin kararen wani sabon toho ya ɓullo, da ganye kore shar, mai sheƙi, ko ɗigon tabo babu. Tsintsiya ta faɗi daga hannuna. Duk gatan da aka yi mata bai kashe ta ba, ga shi wulaƙanci ya tashe ta.

Na yi tunanin in taka turmi in fizge ta in tura a murhu. Tsoron Allah ya hana ni, tsoron Inna ya taya shi. Maigidan da ya gani ya ce takin ne sai yanzu ya kama. Ungozoma ta ce ranar da aka nuna mata ce. Ba wanda ya gode wa akuya. A ranar ya aika Kurfi.

Inna ta iso da hantsi. Ta tsaya gindin ceɗiya ta daɗe tana kallon sama, sannan ta ce, "Ashe ƙasar ce ba ta so. Sai in koma in gaya ma mai tausayin nan." Ta sa aka tsinko mata ganye biyu, ta daddaka, ta jiƙa a ƙoƙo. Ta ce wa bango a gaya wa wancan ya fita, wannan ba zaman maza ba ne. Ya fita.

Muka rage mu uku a ɗaki. Na ƙulle kayan yarinyar a ɗan zane, ina yi ina kallon ƙasa yadda ya kamata. Inna ta ɗora ta a cinya ta kafa mata ƙoƙo a baki. Ta kurɓa, ta yamutsa fuska, ta furzar da rabi a zanen kakarta. Inna ba ta matsa mata ba. Sai ta miƙo mini ƙoƙon.

"Amshi, shanye."

"Inna, ai na yaro ne."

"Yaro mi ya sani? Ta je ta ishe 'yan awaki da yara, kwana kaɗan ta bar neman ki, ko ta sha ko ba ta sha ba. Ke za ki shanye. Ran da aka tahi da wancan Wurma, ni aka ba sauran."

Na karɓa da hannu biyu na kafa kai. Ɗaci ne da bauri, da ɗan warin ɗanyen ganye. Na ajiye ƙoƙon. Ban san inda na sami bakin ba, sai na ji na ce, "Ya yi miki aiki, Inna?"

Ta juya mini baya tana saɓa yarinyar, ta ja majanyi ta ɗaure tam.

"Kin ga tsohuwa kamar ni ta hau lori da tukunya bisa cinya tun daga Kurfi, kamar can babu masu sanin ganye, kina tambaya ta ko ya yi aiki?"

Ta sa aka sauko da shukar da guntun reshen da ta kama, ta ɗora a ka, ta fita. Yarinyar tana waigowa daga bayanta tana miƙo hannu. Ni kuwa na tsaya a ƙofar ɗaki ina gyara asabarin da ba abin da ya same shi. Sai da na daina jin kukanta na shiga na kifa fuskata a kan gado, na yi nawa.

Na daure har aka fara sharar gona. Sannan wata rana na ce wa maigidan ya kamata a je a duba shukar Inna, kada ciwon ya dawo, tun da ni na san jinyarta. Ya ce wannan tunani ne mai kyau. Na hau lori.

Na sami shukar a rataye a ragayarta daf da ƙofa, ta ƙara toho, ganyen nan sai ƙyalli suke. Na durƙusa na gaida Inna. Yarinyar tana bayanta, ta yi ƙiba, an yi mata kitso, tana riƙe da gefen zanen kakarta tana leƙo ni da ido ɗaya.

"Zo ki gaida Yaya," in ji Inna.

Ta ƙara shigewa bayan zane. Na miƙe na je wajen shukar, na shiga juya ganye ɗaya bayan ɗaya, ina duba sama da ƙasa, don a nan ne kawai aka yarda in ajiye idona. Na daɗe ina dubawa. Inna ta taso ta tsaya kusa da ni, ta kama wani ganye ta murza.

"Wannan ban gane mashi ba," ta ce. "Kamar yana son ya yi rawaya. Ki riƙa zuwa ran kasuwa kina duba man shi."

Na duba ganyen. Lafiyarsa ƙalau.

"To, Inna," na ce. "Ni ma na ga alama."